Tsofaffin Kwabban Talla: Yadda Ake Gane Su da Yadda Ake Yi Musu Kuɗi

1.0 Gabatarwa

Mai bincike cikin tarkacen tsofaffin kaya a kasuwannin Turai da Amurka yakan ci karo da wani ƙarfe mai siffar kuɗi, da hoto da rubutu gaba da baya, amma da ya duba sai ya ga babu sunan ƙasa a jikinsa. Sunan da ke kai na wani mai kanti ne, ko na kamfani, ko na wata haja. Turawan Ingila suna kiran irin wannan ƙarfe token, Faransawa kuma jeton. Da yake Hausa ba ta da keɓaɓɓen suna gare shi, a wannan takarda an kira shi kwabon talla, jam'i kwabban talla. Sunan bai kauce wa asali ba, domin ita kanta kalmar kwabo an aro ta ne daga kalmar Ingilishi mai nufin jan ƙarfe, kuma da jan ƙarfe aka buga akasarin na farkonsu.

A yau ɗaiɗaikun mutane da gidajen adana kayan tarihi suna tara waɗannan kwabbai, ana kuma cinikinsu a gidajen gwanjo da ta intanet. Wani ana sayar da shi kuɗi ƙalilan, wani mai kama da shi kuma ya kai dubban daloli. Wannan takarda za ta bayyana dalilin wannan bambanci. Za a ga cewa shi ƙarfen bai taka kara ya karya ba; darajar tana ga abin da mutum ya iya karantawa a jikinsa, wato wane ne ya buga shi, a ina, yaushe, kuma guda nawa suka rage.

2.0 Asalin Kwabban Talla

Ƙarancin canji shi ne ya haifi kwabon talla. Duk lokacin da hukuma ta kasa samar da ƙananan kuɗi, ɗan kasuwa yakan rasa abin da zai mayar wa mai saye, mai masana'anta ya rasa abin biyan lebura. Sai su buga nasu. Tun da kuwa sunan mutum zai riƙa yawo hannu-hannu a cikin gari, sai aka ga ai hanyar talla ce ta samu a ɓagas.

2.1 Ingila

Daga wajejen 1648 dubban masu shaguna da masu masauki a Ingila suka riƙa buga ƙananan kwabbai da sunayensu, har Sarki Charles na Biyu ya hana a 1672, lokacin da hukuma ta fitar da nata. Matsalar ta dawo bayan shekaru ɗari, domin daga 1775 gidan buga kuɗi na sarki ya daina buga na jan ƙarfe. A 1787 kamfanin Parys Mine, mai haƙar jan ƙarfe a tsibirin Anglesey na yankin Wales, ya buga kwabo don biyan ma'aikatansa, da alkawarin cewa duk wanda ya kawo shi a Landan ko Liverpool ko Anglesey za a ba shi kuɗin gaske. Nan da nan wasu suka bi sahu. James Lackington, mai sayar da littattafai a Landan, ya buga rabin kwabo a 1794, wato abin da Hausawa suka sani da ɗari, ya sa hotonsa a gaba, a baya kuma ya yi kirarin cewa babu mai arahar littafi kamar kantinsa a duk duniya. Gilbert Pidcock, mai gidan kallon namun daji, ya sa giwa da karkanda a nasa. A 1797 Matthew Boulton ya fara buga wa hukuma manyan kwabbai da injin tururi a masana'antarsa ta Soho, kusa da Birmingham, yayin ya lafa. Ya sake tasowa a 1811, har majalisa ta haramta shi a 1817.

2.2 Amurka

A lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 mutane sun ɓoye tsabar kuɗi saboda tsoro, canji ya yi wuya. Ƴan kasuwa suka buga kwabbai daidai girman santi ɗaya, da suna da adireshi da sana'a. Wani mai mashaya a New York, Gustavus Lindenmueller, ya buga masu yawan gaske a 1863. Da wani kamfanin sufuri ya tara su ya kai masa don ya fanshe su, sai ya ƙi, kuma babu dokar da za ta tilasta masa. A 1864 majalisa ta hana kowa buga kuɗin kansa. Daga nan sai salo ya sauya: aka koma ga kwabbai masu rubutun GOOD FOR, ma'ana ana karɓarsu a matsayin kaza, amma a kantin mai su kawai. Ta haka mai saye ba shi da zaɓi sai ya dawo.

2.3 Tambari a Kan Kuɗin Wasu

Wasu ba su wahalar da kansu da buga sabon ƙarfe ba, sai suka riƙa danna sunansu a kan kuɗin da ke yawo. Ingila ta hana a yi wa kuɗinta haka a 1853. Kamfanin sabulu na Pears ya kewaye dokar a shekarun 1880: ya shigo da santim goma-goma na Faransa, waɗanda mutane ke karɓa a matsayin kwabo, ya danna musu PEARS' SOAP ya sake su cikin kasuwa. A 1887 hukuma ta hana shigo da irin waɗannan kuɗi. Haka kuma a Faransa an sami masu danna tallansu a kan kwabban Ingila. Wata dabarar ita ce sanya kan sarki cikin ɗan kwanon ƙarfe mai murfi garai-garai, a rubuta talla a bayansa. John Gault ya fito da ita a Amurka a 1862, Faransawa kuma suka yi amfani da ita sosai daga 1920.

2.4 Afirka ta Yamma

Kwabbai biyu na ƴan kasuwa sun shafi wannan yanki kai tsaye. Na farko na kamfanin Macaulay da Babington ne, wanda aka kashe a Saliyo. A gabansa akwai Bature da baƙar fata suna musafaha, a bayansa kuma rubutun Larabci mai sanar da hana cinikin bayi. Na biyu na Macgregor Laird ne, ɗan Sikotland mai fataucin jiragen ruwa a kogin Kwara. Yana ɗauke da sunansa da hoton jirgi, da shekarar 1858 ta Miladiyya da 1274 ta Hijira. An rubuta darajarsa iri biyu: kashi ɗaya cikin takwas na kwabo, da kashi ɗaya cikin 400 na dala. In aka buga lissafi, dala ɗaya ta zama kwabo 50 ke nan. Ɗan ƙarfen ya adana farashin canjin da fataken wancan zamani suke aiki da shi.

3.0 Yadda Ake Gane Kwabon Talla

3.1 Karanta Rubutu

Matakin farko shi ne a raba shi da danginsa. Kuɗin hukuma yana ɗauke da sunan ƙasa ko na mai mulki, kamar anini da kwabo mai huda na zamanin Turawa. Lambar tunawa tana bikin wani abu ne da ya faru, ba a saye da ita. Kwabon ɗan kasuwa kuwa yana ɗauke da sunan mai shi, kuma iri biyu ne: akwai mai alkawarin biya, akwai mai talla zalla. Mai alkawari ana gane shi da kalmomi irin su PAYABLE AT, wato inda za a fanshe shi, ko GOOD FOR, ko kuma BON POUR a Faransanci. Sai dai a lura, akwai masu BON POUR da majalisun ƴan kasuwa na Faransa suka fitar a shekarun 1920 a madadin kuɗin ƙasa, waɗannan ba na talla ba ne.

Kwabo fuska uku gare shi: gaba da baya da gefe. Sabon shiga yakan manta da gefe, alhali a kwabban Ingila na ƙarni na 18 sau da yawa a nan ake rubuta wurin biya. Akan sami biyu masu gaba ɗaya da baya ɗaya, amma rubutun gefensu ya bambanta, ɗaya yana ko'ina, ɗayan kuma da kyar ake ganinsa. Bugu da ƙari, a ƙasan hoto akan sami sunan maƙerin da ya sassaƙa hatimin, da ƙananan baƙaƙe waɗanda sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu. Sanin maƙeri yakan nuna gari da zamani.

Mafi wahala shi ne kwabon da ke da sunan mutum amma babu sunan gari. Irin wannan sai an bi tsofaffin littattafan adireshin ƴan kasuwa da jaridu da rajistar ƙidaya kafin a gano mai shi. Muddin ba a gano ba, farashinsa yana ƙasa. Ranar da aka tabbatar da garinsa kuwa, masu tara kayan wannan gari za su neme shi.

3.2 Shekarar da Ke Jiki

Ba kullum ne shekarar da aka rubuta take zama shekarar bugu ba. Misalin da ƙasar Hausa ta sani shi ne azurfar Mariya Tireza ta Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita, mata suka yi ado da ita. Ana ta sake buga ta fiye da shekaru 200, amma duka da shekarar 1780. Haka kwabon Saliyo da aka ambata: 1807 ce a jikinsa, shekarar da Ingila ta hana fataucin bayi, amma sai a 1814 aka buga shi. Wasu ƴan kasuwa kuma shekarar da aka kafa kantinsu suke sawa.

Saboda haka ake neman wasu shaidu. Lambar tarho tana nuna ba a buga shi kafin tarho ya zo garin ba, yawan alƙalumanta kuma yana ƙara taƙaita zamanin. A Amurka, adireshi mai lambar gidan waya ta alƙaluma biyar bai riga 1963 ba. Sunan titi da aka sauya, ko kamfanin da aka san shekarar rushewarsa, duk suna taimakawa.

3.3 Ƙarfe da Nauyi

Ƙarfe ma shaida ne. Alminiyam, wato sanholo, abu ne mai tsada kafin 1886, lokacin da aka gano hanyar fitar da shi da lantarki. Don haka kwabon talla na alminiyam da wuya ya riga wajejen 1890, komai shekarar da aka rubuta masa. Hukumomi ma ba su fara buga kuɗi da shi ba sai a 1907, kuma aninin farko na Nijeriya yana cikin na farko-farko. Maganaɗisu yana nuna ko akwai baƙin ƙarfe a ciki, domin ba ya kama jan ƙarfe ko tagulla ko alminiyam.

Ma'auni yana tsare mutum daga wata sananniyar asara. Daga 1787 zuwa 1799 Ingila ta buga wata tsabar zinariya mai suna gini, da garkuwa mai kama da shebur a bayanta. Sunan gini daga gaɓar Afirka ta Yamma aka samo shi, inda zinariyar ta fara fitowa. A ƙarni na 19 maƙeran Birmingham suka buga kwaikwayonta da tagulla jibgi guda, don ƙirga a wasan karta da kuma talla, har kantin Sainsbury ya raba nasa. Suna ɗauke da hoton Sarki George na Uku da tsofaffin shekaru, kuma har gobe ana samun masu zaton sun tsinci zinariya. Gini na gaske nauyinsa kusan giram 8.4 ne, na tagulla kuwa kimanin rabin haka. Kama da wane ba ta wane.

3.4 Kundayen Masana

Bayan an rubuta abin da ke fuskokin uku, an auna faɗi da milimita da nauyi da giram, sai a koma ga kundi. James Conder, mai sayar da yadi a garin Ipswich, ya fitar da jerin kwabban zamaninsa a 1798, shi ya sa har yau ake kiran na ƙarshen ƙarni na 18 da sunansa. Kundin da aka fi dogara da shi a kansu shi ne na Dalton da Hamer, wanda ya fito kashi-kashi daga 1910 zuwa 1918, an tsara shi lardi-lardi. Na yaƙin basasar Amurka kuwa George Fuld da mahaifinsa Melvin ne suka jera su, kowane da lamba mai nuna jiha da gari da ɗan kasuwa da irin ƙarfe. Da wannan lamba mai saye da mai sayarwa suke tabbatar da cewa abu ɗaya suke magana a kai, ko da suna ƙasashe daban-daban.

3.5 Jabu da Danginsa

Jabu iri-iri ne. Akwai na zubi, wanda aka narka ƙarfe aka zuba a gurbin da aka ɗauka daga na gaske. Ana gane shi da dusashewar baƙaƙe, da ƙananan ramuka a fuska, da layin haɗi a gefe, kuma in aka ƙwanƙwasa shi amonsa a mace yake. Akwai maimaicin bugu, inda aka yi amfani da hatimin asali bayan shekaru. Alal misali, da aka yi gwanjon kayan Soho a 1850, wani maƙeri mai suna W. J. Taylor ya sami tsofaffin hatimai ya ci gaba da bugu da su. Tsatsar da hatimi ya yi tana fitowa a jikin kwabon kamar ƙuraje. Akwai mai gaban wani da bayan wani, wanda Turawa suke kira alfadari. Tun a shekarun 1790 dillalai suke haɗa irinsa da gangan don su sayar wa masu tarawa. Na ƙarshe shi ne ƙagagge, mai sunan kantin da bai taɓa buga kwabo ba, ko ma bai taɓa wanzuwa ba. An ƙera irinsu da yawa a Amurka a shekarun 1960 da 1970 da sunayen mashayun da. A 1973 aka kafa doka a can cewa duk kwaikwayo sai an danna masa kalmar COPY, amma waɗanda suka riga dokar suna nan suna yawo.

4.0 Yadda Ake Yi Masa Kuɗi

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Kwabon Anglesey ya haura shekaru 230, amma da yake an buga shi da yawa ƙwarai, wanda ya sha hannu ba ya wuyar samu. Kwabon wani ɗan ƙauye da aka buga ɗari biyu ko uku a farkon ƙarni na 20 yana iya fin sa kuɗi. Abubuwa huɗu ake dubawa.

Na farko ƙaranci, wato yawan waɗanda suka rage, ba yawan waɗanda aka buga ba. Ma'aunin Fuld yana da hawa goma: R-1 na nufin an kiyasta akwai fiye da 5,000, R-9 biyu zuwa huɗu, R-10 kuwa ƙwaya ɗaya tak aka sani. Wannan kiyasi ne, yana kuma sauyawa. In aka buɗe tsohon sito aka tarar da jaka cike da wani kwabo, ƙarancinsa ya ƙare.

Na biyu lafiyar jiki. Ana duba wuraren da suka fi tudu, kamar gashi da kunci, domin su ne suke fara suɗewa. A Amurka ana amfani da ma'aunin 1 zuwa 70 da William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama na wanda bai taɓa shiga kasuwa ba ne. Tsakanin suɗaɗɗe da sabo fil na iri ɗaya, farashi yana iya ninkawa sau da yawa. Huda da lanƙwasa da karce duk suna karya shi, sai fa hudar da aka buga shi da ita tun asali.

Na uku buƙata. Abu yana iya zama ƙwaya ɗaya a duniya amma babu mai nemansa. Kwabon Pidcock mai giwa yana da masoya ta fuska uku: masu tara na ƙarni na 18, da masu tara kayan Landan, da masu tara hotunan dabbobi. Yawan masu nema shi ke ɗaga farashi a gwanjo.

Na huɗu sanannen tarihi. Wanda aka san mai shi da sana'arsa, ko aka san ya fito daga tarin wani masani, ya fi wanda aka tsinta babu labari.

Daga nan sai a nemi farashi, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Kuɗin da mai kaya ya faɗa a intanet buri ne kawai. Abin dogaro shi ne kuɗin da aka sallama, wato sakamakon gwanjo na kwanan nan a kan kwabo mai lamba ɗaya da lafiya ɗaya. Farashin kundi yana tsufa da kundin. Haka kuma dillali ba zai saya a farashin da zai sayar ba, gidan gwanjo ma yana cire la'adarsa.

5.0 Adanawa

Babbar ɓarnar da ake yi wa tsohon kwabo ita ce wanki. Mai shi yakan goge shi da toka ko yashi ko lemon tsami don ya yi sheƙi, ya ɗauka gyara ya yi. Launin ƙasa-ƙasa da jan ƙarfe yake yi da shekaru shi ne masu saye suke so, kuma in ya tafi ba ya dawowa yadda yake. Gogaggen kwabo ana gane shi da ƙananan layuka, farashinsa kuma yana faɗuwa warwas. Abin da ya dace shi ne a riƙe shi ta gefe, a sa kowane a ambulan ɗinsa na takarda, a ajiye wuri marar laima. A guji leda mai laushi, domin tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. A jikin ambulan a rubuta inda aka samo shi da ranar, saboda wannan bayani in ya ɓata babu kundin da zai maido shi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarancin canji ne ya sa ƴan kasuwa buga kwabbansu, talla kuma ta shigo ta wannan ƙofa. An ga gane su yana bin matakai: karanta fuskoki uku, tuhumar shekara, auna ƙarfe, duba kundi, da tace jabu. Kuɗinsu kuma yana rataye ga ƙaranci da lafiya da buƙata da tarihi. Wanda bai bi waɗannan matakai ba yana iya sayen tagulla a farashin zinariya, ko ya sayar da abin da babu irinsa a farashin tarkace. Ga ɗalibin harshe kuwa akwai wata ribar: a kan ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba ana samun sunayen sana'o'in da suka shuɗe, da tsohuwar ƙa'idar rubutu, da kirarin ƴan kasuwa, wani lokaci ma da harsuna biyu a haɗe, kamar Ingilishi da Larabci a kwabon Saliyo.